Yadda Ake Rubuta Littafin Almara Na Matasa Daga Hikayoyin Hindu

Wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya yakan ɗauka ya san ƙasar, alhali waƙa da rawa kawai ya sani. In littafi za ka rubuta wa matasa, sai ka koma tushe.

Mataki na farko, karatu. Manyan hikayoyin biyu ne, duka da harshen Sanskirit aka tsara su. Ramayana, mai baiti kusan 24,000, labarin yarima Rama ne da aka tura daji shekara 14, sarkin Lanka mai kai goma, Rawana, ya sace masa mata. Mahabharata ta kai baiti kusan 100,000, rigimar gadon sarauta ce tsakanin 'ya'yan wa da ƙani. Nemi taƙaitacciyar fassara, ba sai ka sauke duka ba.

Na biyu, kada ka ɗauki babban jarumi. Duba gefe. Ga Abhimanyu, saurayin da ya san yadda ake kutsawa cikin wani zoben mayaƙa amma bai koyi fita ba, kuma a ciki aka kashe shi. Ga Karna, wanda uwarsa ta saka a kwando ta sake shi a kogi, mai tuƙa keken doki ya raine shi, ya girma ya yaƙi ƙannensa. Irin waɗannan ne ke kama zuciyar ɗan shekara 16.

Na uku, nan ne aikin yake: ka gina sihirin a kan baiwa mai lago, wato kyautar kariya daga alloli wadda ke da ƙofar da aka manta ba a toshe ba. Wani azzalumin sarki, Hiranyakashipu, ya roƙi kada mutum ko dabba su kashe shi, ba da rana ba, ba da dare ba, ba a ciki ba, ba a waje ba. Sai ga Narasimha, rabi mutum rabi zaki, ya damƙe shi da almuru a bakin ƙofa. Rawana ma kariya ya nema daga alloli da aljanu, raini ya hana shi ambaton ɗan Adam, sai ga Rama a matsayin ɗan Adam ya kashe shi. To, rubuta sharaɗin baiwar mugunka a babi na farko, a fili, ka bar mai karatu ya yi ta laluben ƙofar.

Na huɗu, zaɓi wuri ɗaya ka san shi sosai, misali matakalan bakin kogin Ganga a Baranasi da asuba.

Na biyar, wannan addini ne na mutane sama da biliyan ɗaya. Ni dai shawarata, ƙirƙiro jarumanka, ka bar abin bautarsu a nesa, kada ka sa masa barkwanci a baki. Kafin ka kai wa mai ɗab'i, ba wa wani ɗan Hindu ya duba, sannan ka miƙa wa ƙanwarka babi uku ka ga ko za ta dawo neman na huɗu.