Yadda ake ajiye littafin awon hawan jini a gida

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma mafi yawan masu hawan jinin da nake aunawa sai bayan wata biyu ko uku suke dawowa asibiti. Awo ɗaya muke yi musu a ranar, bayan sun sha rana a layi, wani ma ganin farin kayan ma'aikatan asibiti kaɗai ya isa ya tayar masa da jini. A kan wannan lamba ɗaya likita zai ƙara magani ko ya rage. Shi ya sa nake roƙon duk mai hali ya sayi na'urar awo, ya haɗa da ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare.

Ku sayi na'urar da ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu aminci. Ku duba girman maɗaurin tun a kemis, domin idan ya yi wa damtse kaɗan zai riƙa ba da lambar da ta fi gaskiya yawa. Ranar ganin likita ku zo da ita mu gwada ta da tamu.

Minti 30 kafin awo kada a sha taba ko kofi, kada a ci goro, kada a yi aikin ƙarfi. Goron nan shi dattawanmu suka fi mantawa da shi. A fara yin fitsari, a zauna a kujera mai majingina, tafin ƙafa a ƙasa, ba a harɗe ba, a huta minti 5. Hannu a kan tebur daidai da ƙirji, maɗauri a kan fata, ba a kan hannun riga ba. Na'ura na aiki, baki shiru. Ko sallama aka yi, a bari ta gama kafin a amsa.

Mako guda kafin ranar asibiti, a auna safe da yamma har kwana 7. Na safe kafin shan magani da karin kumallo. Kowane zama awo biyu, da tazarar minti ɗaya. Mukan ajiye na ranar farko gefe, mu fitar da matsakaicin sauran. A asibiti 140/90 ne iyakar da ake cewa jini ya hau, amma a gida 135/85 ne, saboda mutum ya fi natsuwa a ɗakinsa.

Wajen rubutun ne aka fi ɓata aikin, kuma nan na fi so ku kula. Ku ja layi biyar a shafi: kwanan wata, lokaci, lambar sama da ta ƙasa, bugun zuciya, sai fili na bayani. Abin da na'ura ta nuna shi za a rubuta. In ta ce 147/93, kada a mayar da shi 150/90 don ya yi kyan gani. Kada kuma a yi ta maimaita awo har sai an samu lamba mai daɗi a rubuta ita kaɗai. Na taɓa karɓar littafin wani Baba, shafi biyu cif duk 120/80, rubutu iri ɗaya da biro ɗaya. Da na tambaya a hankali, ashe jikansa ne ya cike shi a daren jiya don kada a yi musu faɗa. Ba ma faɗa a kan lamba mai yawa, ita muke nema mu gani. Ranar da ba a auna ba a bar gurbinta fayau.

A filin bayani ku rubuta gajeren abu: “maganin ya ƙare tun Talata”, “ƙafa ta kumbura”, “na sha maganin ciwon jiki”, “azumi, na mayar da ƙwaya zuwa sahur”. Wasu magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna ɗaga jini, kuma amlodipine, wani maganin hawan jini, kan kumbura ƙafa, to irin wannan layi ɗaya yakan warware wa likita komai. Sunan kowane magani da ƙarfinsa su zauna a shafin farko, har da na gargajiya.

 

Akwai lambar da ba a jiran ranar asibiti a kanta. Idan awo ya kai 180/120, a huta a sake. In bai sauka ba a nemi likita a ranar. In kuwa akwai ciwon ƙirji, haki, dishi-dishin gani, ko baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, a tafi nan take. Mai juna biyu da ta ga 140/90 ita ma kada ta jira ranar awo. A shanyewar ɓarin jiki, wani ya dubi agogo ya rubuta lokacin ƙarshe da aka ga mutumin lafiya lau, domin maganin narkar da gudan jini a cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi, kuma tambayar da za a fara yi muku ke nan a bakin ƙofa.