Yadda za ka kai wurin nema ranar da 'yan adaidaita sahu suka shiga yajin aiki a Kano

Tun da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, kusan duk zirga-zirgar Kano ta koma kan adaidaita sahu, tasi ta yi ƙaranci, bas ɗin haya ma sai ɗai-ɗai a wasu layuka. Shi ya sa da 'yan adaidaita sahu suka ajiye aiki a Fabrairun 2021 kan harajin naira 100 kullum, suka kuma maimaita a Janairun 2022 kan kuɗin sabunta rajista da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, ta sa, garin nan ya tsaya cak, ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa kowa ya kama sayyada. Zai iya sake faruwa ko yaushe, to ga yadda ake yi.

Abu na farko tun daren jiya ake fara shi. Yajin aikin nan ba ya zuwa bagatatan, kwana biyu kafin ranar za ka ji ana ta maganar a rediyo, kuma in kana da ɗan sahun da ka saba hawa ka tambaye shi kai tsaye, malam gobe za ku fito kuwa? Su suka fi kowa sani. Da ka ji ya ce sai dai Allah, to ka nemi canji a daren, 'yan ɗari-ɗari da ɗari biyu, don da safe mai POS ɗin unguwarku shi ma wataƙila bai iso ba, kuma babu direban da zai tsaya jiran tiransifa mutane na turereniya a bayanka.

Na biyu, kira maƙwabta. Duk mai mota ko mashin da hanyarku ta zo ɗaya ka yi masa magana tun da dare, kar ka bari sai ya tada mota ka fito kana alhaji a rage min hanya, lokacin an riga ka. Kuma don Allah ka miƙa kuɗin mai ko da zai ce ka barshi, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 rage hanya ya daina zama abin wasa.

Na uku shi ne wanda mutane suka fi kuskurewa. Kar ka tsaya a bakin layinku kana jira, ba abin da zai shigo. Da an sallame asuba ka taka zuwa babban titi ko mahaɗa, in kana Rijiyar Zaki ka nufi Kabuga, in kana Naibawa ko Unguwa Uku ka fito titin Zariya, na Kurna da Bachirawa titin Katsina. A nan ne motocin da ke shigowa daga ƙauyuka da a-kori-kura da masu kurkura ke kwasar mutane zuwa Bata da Kantin Kwari da Singa, wani ma motar gidansa ce ya ga kasuwa ta buɗe ya fito yin kabu-kabu. Kada ka dage sai wadda za ta kai ka har ƙofar ofis, hau duk wadda ta rage maka tafiya, ka sauka ka ƙara wata, ragowar ka ƙarasa da ƙafa. Ka yi ciniki kafin ka ɗora ƙafa, ranar kuɗin mota ninkawa yake. Waya kuma a aljihun gaba, cunkoso ranar idin 'yan sane ce.

Mata da masu yara gara ku haɗu ku huɗu ko biyar ku ɗauki shatar mota ɗaya ku raba kuɗin, ku karɓi lambar direban ku ajiye magana da shi kan dawowa, don komawa gida bayan la'asar ta fi fitowa wuya nesa ba kusa ba. Masu Bolt a waya za su iya gwadawa amma ku sa rai da tsada da jira.

In ka ga wani ɗan sahu ya saci jiki ya fito, ni dai shawarata ka ƙyale shi. 'Yan uwansa kan tare hanya su sauke fasinja, ka ga ka biya kuɗi an ajiye ka a tsakiyar hanya ana cacar baki a kanka. Kuma ban ga laifinsu sosai ba, mutumin da zai kai balas wa mai babur kullum, ya sha mai, ya biya haraji, ga tara in ya yi kuskure.

Sai ka sanar da oga ko makarantar yara tun ƙarfe bakwai cewa za a makara, ka sa takalmin da zai iya tafiya, ka riƙe ruwa. In abin ya shiga kwana na biyu kuma aikin naka na iya jira, ka bari sai rana ta yi sanyi ko ka ji sanarwar sulhu a rediyo tukuna.