Yadda Ƙungiyar Ciyar da Mabuƙata Za Ta Nemi Tallafin Gwamnati

Yawancin ƙungiyoyin da ke ciyar da mabuƙata da tausayi kawai suke farawa: mutane kaɗan, ɗaki guda, da abin da masu hali suka kawo. Ranar da layi ya fi ƙarfin abin da ke hannu, sai hankali ya koma kan tallafin gwamnati. A nan ake yawan yin tuntuɓe. Mai sadaka ba ya tambayar rasit, ita kuwa gwamnati dukiyar jama'a take bayarwa, kuma sai ta bi bahasinta har ƙarshe. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Mataki na farko, ku haɗa takardunku tun ba a yi sanarwa ba, domin ba a fafa gora ranar tafiya. Ku yi wa ƙungiya rajista, ku rubuta kundin dokokinta da sunayen shugabanni, ku buɗe asusun banki da sunanta, wanda kuɗi ba ya fita sai mutum biyu sun sa hannu. A Amurka, alal misali, ƙungiya ba ta neman tallafin gwamnatin tarayya sai ta yi rajista a shafin intanet na gwamnati mai suna SAM.gov ta karɓi lambar shaida, abin da kan ci makonni. Idan taku rajistar ba ta kammala ba, ku shiga ƙarƙashin inuwar wata ƙungiya mai rajista, bisa yarjejeniya a rubuce.

Na biyu, kuma shi na fi so ku ba ƙarfi, ku buɗe littafin ƙididdiga daga yau. Gida nawa suka karɓi abinci a kowace rana ta rabo, mutum nawa ne a kowane gida, yara nawa, tsofaffi nawa, kilo nawa ya shigo, kilo nawa ya fita, nawa ya lalace. Kada ku manta da waɗanda suka zo abinci ya ƙare suka koma hannu biyu, don adadinsu shi ne hujjarku mafi ƙarfi. Mai tantance takardu ya karanta "jama'a na cikin yunwa" har ya gaji. Abin da ke tsayar da idonsa shi ne lissafin wata shida da aka rubuta rana bayan rana.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, tana da tambayoyi takwas da take auna ƙarancin abinci da su. Daga ciki akwai: ko mutum ya taɓa fargabar abincinsa ba zai isa ba, ko ya tsallake cin abinci don babu, ko ya yi yini guda cur bai ci komai ba. Ku yi wa masu zuwa wurinku waɗannan tambayoyi a farko, ku sake bayan wasu watanni. Bambancin amsoshin shi ne shaidar aikinku. Sai dai a yi da mutunci. Ba a sa sunan kowa a takardar neman tallafi, ba a ɗaukar hoton mabuƙaci sai da yardarsa, kuma wanda ya ƙi amsa tambaya a ba shi rabonsa cikakke.

Na uku, idan sanarwa ta fito, ku karanta ta daga farko har ƙarshe kafin ku rubuta ko kalma ɗaya. Tun taron abinci na duniya da aka yi a Roma a 1996 aka daidaita cewa wadatar abinci ta wuce cika ciki, kuma a yau ana duba ta ta fuska huɗu: abincin ya samu, mutum ya iya kaiwa gare shi, jiki ya amfana da shi, kuma hakan ya ɗore. Kowane tallafi da fuskar da yake kallo. Wani na sayen abinci ne, wani na firiji da mota, wani na lambun unguwa ko koyar da girki mai gina jiki. Idan sanarwa ba ta dace da aikinku ba, ku bar ta ta wuce. Ƙungiyar da ta canza aikinta don kuɗi takan rasa jama'ar da suka dogara da ita.

Ku kuma duba ko ana son ku kawo naku kaso. Shirin tallafa wa ayyukan abinci na al'umma da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ke gudanarwa tun 1996 yakan nemi ƙungiya ta kawo daidai abin da za a ba ta, ko kuɗi ko abin da ya yi darajarsu, kamar lokacin 'yan sa-kai da wurin da aka bayar kyauta. Shi ya sa awannin 'yan sa-kai ma suke buƙatar shiga littafi.

Na huɗu, kasafi. Kunya kan sa mutane su zuba duk kuɗin a kan abinci, su ƙyale man mota, wutar lantarki, kayan tsafta da albashin mai riƙe lissafi. Wannan kuskure ne babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ajiye abinci mai saurin lalacewa ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Celsius, dafaffe kuma a riƙe shi da zafi sama da digiri 60. Ba a cika wannan sharaɗi ba tare da kayan aiki ba. Ku nemi farashi a rubuce daga masu sayarwa fiye da ɗaya, ku haɗa da takardarku. Sannan ku tambayi yadda ake sakin kuɗin, domin wasu hukumomi sai kun kashe naku, kun kai rasit, sannan su mayar muku. Ƙaramar ƙungiya da ba ta da ajiyar wata biyu ko uku tana iya durƙushewa tana jira.

Na biyar, ku amsa tambayoyin fom yadda aka jera su, ku sa wasiƙun makarantu, asibitoci ko manoman da kuke aiki tare, ku miƙa da sauran kwanaki. Shafin intanet ya fi cunkushewa a ranar ƙarshe.

Idan an ba ku, ku ware lissafin wannan kuɗi daban, ku adana kowane rasit, kuma kada ku ɗauki kuɗin firiji ku sayi abinci sai hukuma ta amince a rubuce, komai tsawon layi. Idan matsala ta taso, ku sanar da jami'in da ke kula da ku tun kafin lokacin rahoto. Idan kuma ba a ba ku ba, ku roƙi sharhin masu tantancewa, ku gyara kafin zagaye na gaba. Tun watan farko ku zauna ku tsara wa zai biya kuɗin wuta da man mota bayan wa'adin tallafin ya cika, saboda gidajen da kuka ƙara a rajista za su ci gaba da zuwa.