Masu cin abinci da murya, ga yadda za ku yi da murar hunturu

Ni malamin makaranta ne, kuma duk shekara daga Nuwamba zuwa Fabrairu da iskar hunturu ta kwaso ƙurar nan daga wajen Chadi sai in tashi da atishawa tun asuba, hanci na zuba ido na ƙaiƙayi, kafin azahar murya ta dishe ina nuna allo da hannu kamar kurma. Wannan ba murar da ake ɗauka wajen wani ba ce, jiki ne ba ya shiri da ƙura, ita ce likitoci ke ce wa alaji. Ladanai, limamai, mawaƙa, 'yan rediyo har 'yan kamasho a tasha duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne Piriton. Yana tsayar da majina kam, amma sai ya busar maka da maƙogwaro ƙamas ga barci, alhali murya sai da danshi take fita. Ka tambayi likita ko loratadine ko cetirizine za su karɓe ka, ba su kai shi busarwa ba.

Ka fara da hanci, don majinar da ke gangarowa ta baya ita ke sa ka yawan kakari da gyaran murya, shi kuma kakarin nan gurzar maƙogwaro yake yi. Tafasa ruwa ka bar shi ya huce, zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya, ka shaƙa ka fyace kamar a alwala, safe da dare. In likita ya rubuta maka na fesawa a hanci irin su fluticasone to ka yi haƙuri da shi, sai ya ɗau kwanaki kafin ka ga aikinsa. Amma na ɗigawar nan mai buɗe hanci nan take irin Otrivin kar ka wuce kwana 5 a jere, in ba haka ba toshewar za ta dawo ta fi da.

In ka ji kakari ya taso ka kurɓi ruwa ka haɗiye. Gorar ruwa na kan teburina kullum. Da dare sirace da ruwan zafi zalla, ba sai ka jefa Robb ba. TomTom kuwa sanyi kawai yake ba ka, ka ji kamar ka warke ka ci gaba da ihu. Raɗa ma ba hutu ba ce wallahi, gara ka yi shiru ko ka nemi lasifika.

Takunkumi in za ka hau babur, ka yayyafa ruwa kafin shara, maganin sauro na hayaƙi da turaren wuta a fita da su daga ɗakin kwana (a nan sai ka lallaɓa uwargida).

Masu asma, abin shaƙa na kullum mai siteroid (sinadarin da ke rage kumburi) yana iya dusar da murya, kar ka daina shi don haka, ka riƙa kurkure baki bayan kowace shaƙa. Kuma don Allah a bar sayen dexamethasone (shi ma siteroid ne) a kemis wai don murya ta buɗe saboda gobe akwai taro. In dishewar ta kai sati 3 ba sauƙi, ko kana jin numfashi na sarƙewa da dare, ka tafi wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa ya gani.