Yadda ake gano ɗingishi a dokin da ya bar tsere

Dokin tsere yakan fara horo tun yana shekara 2, ƙashinsa bai gama ƙwari ba, shi ya sa da yawa suke barin fili da tabo a ƙafa. Aikinka shi ne ka rarrabe tsohon rauni da ya warke da wanda har yanzu yake cin dokin.

Fara da hannu, da safe, kafin ya motsa jiki. Shafa ƙafafun gaba daga gwiwa zuwa kofato, don su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa, kuma a nan raunin tsere ya fi taruwa. Kullum ka gwada dama da hagu. Jijiyar da ke bayan ƙwauri ya kamata ta miƙe sumul; idan ta yi tudu ta bankaro waje, to ta taɓa yagewa. Kumburi mai sanyi da tauri, wanda ko ka matsa doki bai kula ba, galibi tsoho ne. Mai ɗumi da laushi, wanda yake fizge ƙafa da zarar ka taɓa, shi ne abin tsoro. Ka yi haka a gwiwa da gaɓar da ke saman kofato.

Sai ka sa wani ya ja shi da ragama a kan ƙasa mai tauri, ya tafi da shi a miƙe ya dawo, da tafiya sannan da sassarfa. Kada ya ɗaure igiyar tamau, domin kan dokin kake son gani. Idan ƙafar gaba ce ke ciwo, kai yakan ɗaga sama lokacin da ta taka ƙasa, ya sauko idan mai lafiyar ta taka. Nan mutane suka fi ruɗewa, sai su ɗora laifi a kan ƙafar da ba ta da komai. Ta baya kuwa, tsaya a bayansa ka kalli ƙugu: ɓangaren da ya fi hawa da sauka shi ne mai ciwon. Daga nan a zagaya da shi dama da hagu, don ɗingishin da ya ɓuya a miƙe yakan fito a zagaye.

Kada ka manta da kofato. Dawakan tsere da yawa tafin kofatonsu siriri ne, dunduniya ta kwanta, kuma ƙurji a ciki yakan hana doki taka ƙafa farat ɗaya. A riƙa gyara kofato duk mako 4 zuwa 6.

In ka ga alama, sauke sirdi ka kira likitan dabbobi. Ina roƙonka, kada ka ba shi maganin kashe zafi kafin likita ya zo, don zai rufe abin da ake nema. Likita zai lanƙwasa gaɓa na ɗan lokaci ya sa a sake gudu da shi, ya kashe jijiyoyin ji na wucin gadi da allura daga ƙasa zuwa sama har ɗingishin ya ɓace, sannan ya ɗauki hoton ƙashi ko na jijiya a daidai wurin.

Kafin ya iso, kwarara ruwan sanyi a kan kumburin na minti 20, ka bar dokin a barga. Idan jijiya ce ta yage, jinyarta takan ci wata 9 zuwa shekara guda. Doki zai daina ɗingishi tun kafin ta haɗe, don haka hoton likita ne zai faɗi ranar hawa. Kafin nan, tafiya da ragama kawai, ana ƙara mintuna kaɗan kaɗan.