Yadda Nake Gasa Alminiyam Ya Yi Ƙarfi

Wanda ya taso a maƙera ya san ƙarfe: a gasa ya yi ja, a tsoma a ruwa, ya fito da tauri. Alminiyam ba haka yake ba. Ba ya yin ja ka gani, sai dai kawai ka tarar ya zube, don a digiri 660 na Selshiyas yake narkewa, wanda aka gauraya da wasu ƙarafa ma ƙasa da haka. Saboda haka kada ka fara sai da na'urar auna zafi. Ido ba ya wannan aiki.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Idan zubi zan yi, tsohon wilin mota na alminiyam nake nema a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, domin yawancinsa yana da sinadarin silikon kusan kashi 7 cikin 100 da ɗan sinadarin maganiziyam, kuma maganiziyam ɗin nan shi ke karɓar gashi. Gwangwanin lemo kuwa ko ka kwana kana gasa shi, asarar gawayi ce.

Kayan da aka zuba a mazubin yashi, nakan riƙe su a digiri 540 awa 6 zuwa 8, sannan in jefa su ruwa nan take, cikin daƙiƙa 10. Ruwan mai zafi ne, kamar digiri 70, don mai sanyi kan karkatar da kaya. A nan bai yi tauri ba tukuna. Taurin yana gashi na biyu: digiri 155, awa 4, ya huce da kansa. Ka zarce da yawa, ƙarfin ya soma komawa baya.

Inda na sha kashi shi ne kayan da inji ya tura cikin mazubi da matsi, irin murfin injin babur. Gudun turin kan kulle iska a cikin jikinsu. Na taɓa sa guda 3 a 540, suka fito duk bororo kamar wanda tafasasshen ruwa ya zuba wa a hannu, ramukan kusoshi sun goce. Daga aljihuna na biya mai su. Irin waɗannan gashi na biyu kaɗai suke ɗauka, tsakanin 150 da 200, kuma ya fi ci idan sabon zubi ne. Ƙarin ƙarfin kaɗan ne, amma kayan na nan yadda suke.

Idan tandun lantarki ne, tayar da janareta tun farko, kada a ɗauke wuta a awa ta uku.