Yadda ake fita wasan biki a ƙauye da jitar bes

Ran wata Lahadi a kasuwar Gujungu wani yaro daga wajen Garki ya tare ni, ya nuna mini hoton wata jitar bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, mai tsirkiya shida a wayarsa, ya ce, "Yaya, wannan nake tara wa kuɗi." Na ce masa to madalla, wace sifika za ka jona mata, kuma wane inji zai ja sifikar? Sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kaɗa bes a bukukuwa tsakanin Taura, Ringim, Babura har zuwa Gumel, kuma duk kunyar da na taɓa sha a fili, wuta ce ta ba ni ita, ko sifika, ko rashin sauraron mai kalangu. Jitar kanta ba ta cika ba da matsala ba. Saboda haka ƙanena, da kai da ire-irenka, ga yadda nake yi.

Ka sayi mai tsirkiya huɗu. Haka Leo Fender ya fito da ita a Amurka a 1951, ya kira ta Precision, sannan a 1960 ya ƙaro wata mai siririn wuya da ake kira Jazz. Yawancin waɗanda za ka gani a rataye a shagunan Sabon Garin Kano kwaikwayon waɗannan biyun ne, kuma babu laifi a cikinsu idan ka iya zaɓe. Ka ɗaga jitar ka leƙa wuyanta daga gindi, kamar yadda kafinta yake duba katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, amma idan ka ga wuyan ya murɗe gefe, ajiye ta ko da kyauta ce. Ka danna kowace tsirkiya a kan kowane ƙarfen da aka gitta a wuyan daga sama har ƙasa, ka ji ko akwai inda take zuza. Ka sa a jona maka ita, ka murɗa maɓallan sauti, ka girgiza wayar a bakin jak, wato ramin da ake cusa ta a jikin jitar. Mai shago zai nuna ya gaji da kai. Bar shi ya gaji, kuɗinka ne.

Akwai mai amfani da batir mai bolt 9, akwai wadda ba ruwanta da batir. Ni ta biyun nake riƙewa. Na taɓa aron mai batir, ƙarfe sha ɗaya na dare ana tsakiyar waƙar amarya ta fara kakari kamar akuyar da ta ci leda, kuma garin babu mai kantin da ya taɓa jin irin wannan batir. Idan ita ce da kai, ka riƙa yawo da sabo a aljihu, kuma ka zare waya daga jikinta da zarar an tashi, domin muddin wayar na ciki batir yana ci.

Yanayinmu ma sai ka san shi. Da hunturu katako yana bushewa ya tsuke, sai ka ji bakin ƙarafan wuya sun fito suna kartar hannu, tsirkiya kuma ta canza tsayi. Da damina ya sha raɓa ya kumbura. A cikin wuyan akwai dogon ƙarfe da ake murɗawa da alanki a daidaita lanƙwasar. Kwatan zagaye kawai za ka murɗa, ka bar ta ta kwana, gobe ka duba. Idan ƙarfen ya cije kada ka yi masa ƙarfi, kai ta wurin wanda ya sani. Kada ka yarda a ɗaure maka ita a saman mota cikin ranar bazara, kuma kada ka jingine ta tsirara a ɗakin kwano. Jaka da tsumma su ne gatanta.

Tsirkiya tana da tsada, gumi da ƙura ne ke kashe ta. Ka goge ta bayan kowane wasa. Idan ta dushe, cire ta ka tafasa a ruwa kamar minti goma, ka shanya ta bushe sarai kafin ka mayar. Sau ɗaya ko biyu wannan dabara take ci, daga nan sai haƙuri. Ni dai ban damu da sabuwar tsirkiya mai ƙyalƙyalin sauti ba. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a faya-fayan kamfanin Motown na Amurka, da tsirkiya mai santsi yake aiki, yana shekara da shekaru bai canza ba, kuma da yatsa ɗaya yake kaɗawa. Mu da muke tare da kalangu da kuge da tafi, wajen siririn sauti a cike yake, sauti mai kauri ake nema a wurinmu.

Yanzu ga babbar magana, wuta. Kafin ka amsa gayyata ka tambayi wane janareto za a kawo, kuma me da me za a ɗora masa. Ɗan ƙaramin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai bai kai wat 1000 ba, kuma a gidan biki shi ne zai ja ƙwayaye, da cajin wayoyin 'yan'uwan ango, wani lokaci har da firjin lemo. Bes ta fi kowane kayan kiɗa zuƙar wuta. Za ka gane haka da idonka: ka bugi babbar tsirkiya da ƙarfi, sai ka ga ƙwan fitila ya yi luuu ya dawo. Amfilifayarka, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sautin jita ta tura wa sifika, a ƙasar nan wuta mai kusan bolt 230 take so, idan ta faɗi sosai sautin ya dagule, idan kuma aka cire wani babban kaya farat ɗaya sai wutar ta yi tsalle. Don haka ka nemi inji na kayan kiɗa kaɗai, ko da haya ce, ka sa sitabilaiza a tsakani.

Tsarin kunnawa ma ba a yin sa yadda aka ga dama. A tayar da inji, a bar shi ya daidaita murya na 'yan mintoci, a kunna mikisa, wato na'urar da ke haɗa sautin kayan kiɗa da makirfo, amfilifaya ita ce ta ƙarshe, kuma maɓallin ƙara yana ƙasa. Wajen kashewa ita ce ta farko. Ka sa yaro guda ya zauna kusa da injin, aikinsa kawai ya lura da mai, domin lokacin da fetur yake ƙarewa inji yana tari, wutar na hawa da sauka, a nan ne kaya suke ƙonewa. A wani ƙauye bayan Sule Tankarkar na yi asarar amfilifaya ta haka, ina ji ina gani hayaƙi ya fito ta bayanta. Ka ajiye injin can nesa, bayan katanga, ta inda iska ba za ta kawo hayaƙi cikin mutane ba, ka jawo wuta da waya mai kauri. Siririyar wayar nan mai arha idan ta yi tsawo ita ma cin wutar take yi.

Idan ka taɓa tsirkiya ka ji wuta tana ɗan cizonka, ko mawaƙi ya ce makirfo ya ja masa leɓe, a tsayar da wasa. Ba abin jarumta ba ne. A samu mai aikin wuta ya kafa ƙarfe a ƙasa ya haɗa shi da jikin injin, a duba wayoyi. Kuma kada ka kaɗa ba takalmi a kan ƙasar da aka yayyafa wa ruwa don kwantar da ƙura.

Wajen zaɓen amfilifaya ni mutumin da ne. Sababbin nan marasa nauyi suna da daɗin ɗauka a babur, amma ran da suka lalace sai Kano, wani lokacin can ma a ce sai an aiko da kaya daga Legas. Tsohuwa mai nauyin taransifoma kuwa, mai gyaran rediyo na bakin tasha zai buɗe ta da dalmarsa ya tashe ta. A fili ina son wadda ba ta gaza wat 200 ba, da sifika mai inci 15. Ka karanta abin da aka rubuta a bayan kowacce. Om shi ne ma'aunin nauyin da sifika ke ɗora wa amfilifaya, idan lambar ta ragu nauyin ya ƙaru, kuma sifika biyu masu om 8 idan aka jona kowacce kai tsaye a bayan amfilifaya ɗaya sun koma om 4, yawancin amfilifayoyi za su ɗauka. Biyu masu om 4 kuwa sun koma om 2, kuma wannan shi ne yadda ake dafa amfilifaya ba tare da murhu ba.

A fili babu bangon da zai dawo maka da sauti, yana fita ya tafi gona. Ka ajiye sifikarka a ƙasa, bayanta kusa da katanga, ko da ta ƙasa ce, za ka ji ta ƙara kauri ba ka ƙara ko sisin wuta ba. Kada a ɗora ta a kan tebur ko benci. Sannan kada ka murɗe maɓallin ƙasa, wato na kaurin sauti, har ƙarshe. Babbar tsirkiya idan an sake ta tana girgiza kamar sau 41 a daƙiƙa, kuma 'yar sifikar waya ba ta iya fitar da wannan. Yau kuwa rabin masu biki ɗaukar bidiyo suke yi su tura WhatsApp, nan ne wani angon zai ji ku ya neme ku. Ka ɗan ɗaga maɓallin tsakiya, na sautin da ke tsakanin mai kauri da siriri, sai a ji ka a wayar ma.

Saura kunne. Mutanenmu sun san bes tun kafin jita ta zo. Duba kiɗan ƙwarya na mata, babbar ƙwaryar da ake kifawa a kan ruwa cikin baho, ana bugunta tana cewa dum, dum. Aikinka ke nan. Ita ba ta surutu, amma ran da babu ita ƙafa ba ta motsi. Kalangu magana yake yi, yana hawa da sauka kamar harshen Hausa, mai shi yana matse tsirkiyoyinsa a hammata yana kiran sunan mutum da kirarinsa. Idan ya shiga kirari, kai ka tsaya a kan murya ɗaya ko biyu, ka riƙe masa ƙasa. Yaran da suka koyi bugu da babban yatsa a YouTube suna zuwa su cika ko'ina da tas-tas, sai ka ga tsohon mai kalangu ya waiwayo ya harare su. Yawancin waƙoƙinmu a kan muryoyi biyar suke tafiya, idan ka laƙanci waɗannan biyar a wuri biyu a wuyan jita, ka wuce rabin aikin. Ka kuma saurari inda 'yan amshi suke shigowa, nan ne wurin da za ka ɗan yi ado, a taƙaice.

Idan akwai mai goge ko gurmi a tawagar, ajiye na'urar saita murya. Fatar kayansu tana saki idan raɓar dare ta sauka, tana ɗaurewa idan ta ji zafi, shi ya sa kake ganin ana gasa ta a bakin wuta. Kai za ka bi shi, ka saita jitarka da muryarsa, ka sake dubawa bayan kowace waƙa uku ko huɗu. Idan da mai piyano kuke, ku yi magana tun a mota: hannunsa na hagu ya bar maka ƙasa, ya kuma kashe bes ɗin da ke cikin kiɗan na'urar. Bes biyu a wuri ɗaya laka ce kawai.

Ana yawan tambayata waƙar da na fi jin daɗin kaɗawa. Ta rakiyar amarya ce, mai tafiya a hankali, wadda gwaggonni ke share hawaye da gefen mayafi. A nan nake sakin murya ɗaya ta yi tsawo har sai ta mutu da kanta. Ta biyu ita ce ta manoma bayan kaka, lokacin da gero da riɗi suka shiga rumbu, aljihu ya yi nauyi, liƙi ya kankama.

Kafin ku sauke kaya, ku je ku gai da mai gari tare da uban biki, ku ji ƙa'idar garin. Akwai inda ba a yarda da kiɗan dare ba, akwai inda Hisba ke da sharaɗi kan cakuɗuwar maza da mata, kuma gara ka ji tun da rana. Da an kira salla a kashe komai. Ka karɓi kafin alƙalami da zai ishi mota da fetur tun kafin ka bar gida, ku kuma yanke yadda za a raba kuɗin liƙi, domin mawaƙi ake liƙa wa a goshi, mai bes yana can baya kusa da katanga ba mai ganinsa. A tawagarmu buhu ɗaya ake tarawa, a ƙirga a gaban kowa kafin a hau mota.

A jakata kullum akwai wayar jita biyu, fis, alanki, sukundireba, salatif, tocila da leda babba ta rufe amfilifaya idan hadari ya taso. Yaron Garkin nan na ce ya zo ranar Asabar ya riƙe mini tocilar, akwai biki a wani ƙauye kusa da Maigatari, shi zan sa ya zauna wurin inji.